Hanya, Masauki Da Nama: Tafiyarmu Daga Horo Birni Zuwa Jos

Mu biyu ne muka haɗa kai muka rubuta wannan labari, maigida da uwargida, gama mu biyu ne muka yi gardamar da ke cikinsa. Inda muka ce "mu", bakinmu ɗaya ke nan. Inda kuka ga mun ce "maigida" ko "uwargida", to, a nan ne kowa ya ja nasa.

Muna zaune a Horo Birni, cikin ƙasar Shagari, a Jihar Sakkwato. Aiki ne ya kawo mu, mun kuwa daɗe har yaranmu sun fi mu iya Sakkwatanci. A watan Disamba na 2023 babban ɗanmu ya yi aure a Jos. Iyayen yarinya suka sa ranar Asabar, 16 ga wata. Tilas iyayen ango su je. Mu biyar ne za mu shiga tsohuwar motarmu: mu biyu, da 'yarmu budurwa, da autanmu mai shekara 11, da Kaka, wato mahaifiyar maigida, wadda ta haura shekara 70, tana kuma fama da hawan jini.

Hanya Biyu

Babban titin da ya taso daga Sakkwato ya bi ta Boɗinga da Shagari, ya miƙe kudu har Ikko. Wanda ya fito daga wajenmu za shi Jos, da ya hau wannan titi sai ya zaɓa. In ya nufi arewa, zai wuce Boɗinga ya shiga Sakkwato, sa'an nan ya bi Talatar Mafara, Gusau, Tsafe, Funtuwa, Zariya, Pambeguwa, Saminaka, sai Jos. Wannan ba ta cika kilomita 700 ba. In kuwa ya nufi kudu, zai bi Tambuwal, Jega, Koko, Yawuri, Kwantagora, Tegina, Minna, Suleja, Abuja, Keffi, Akwanga, kana ya hau dutse. Wannan ta doshi kilomita 1,000.

Maigida ya ɗauki fensir ya yi lissafi. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da Shugaba Tinubu ya ce an janye tallafin mai, litar fetur da ba ta kai naira 200 ba a gidajen mai na gwamnati ta haura naira 600 kafin ƙarshen shekara. Ya ce, "Maman yara, ki duba. Ƙarin kilomita 300 ba wasa ba ne. Kuɗin nan da za mu ƙone a hanya, gara mu sa wa yaran nan a kayan ɗaki."

Uwargida ta ce, "Baban yara, lissafinka daidai ne, amma ba ka sa mu a ciki ba. Ka manta da 'yan matan Jangebe?"

Ba wanda ya manta. A Fabrairu 2021 'yan bindiga suka kwashe 'yan mata 279 daga makarantarsu a Jangebe, cikin ƙasar Talatar Mafara. Tun daga nan, da an ambaci hanyar Gusau sai gaban uwargida ya faɗi. Amma maigida ya tuna mata cewa a wannan shekara ɗin, a watan Mayu, an kwashe yara 'yan Islamiyya fiye da 100 a Tegina, a watan Yuni kuma aka shiga makarantar gwamnatin tarayya ta Birnin Yawuri. Dukansu biyu a kan hanyar da take so suke. Muka yi shiru. Kowannenmu yana da gaskiya, gaskiyar kuwa ba ta raba gardama ba.

Matambayi Ba Ya Ɓata

Muna da maƙwabci, wani dattijo Musulmi wanda ya tsufa a tuƙin mota tsakanin Sakkwato da kudu. Maigida ya je ya same shi a ƙofar gida bayan sallar magariba, ya ce, "Alhaji, wace hanya ce mai lafiya?"

Alhaji ya yi dariya. Ya ce, "Malam, ai labarin hanya na yini ɗaya ne, kamar nono. Wadda ke lafiya yau, gobe sai Allah. Ba hanya za ka tambaya ba, yadda ake bin hanya za ka tambaya." Sa'an nan ya lissafa masa abu biyar. Kada ka fita sai gari ya waye sarai. Kowace safiya ka shiga tasha ka tambayi direbobin da suka iso. In ka yi tafiya mai nisa ba ka gamu da mota ko ɗaya tana tahowa ba, ka tsaya a gari na kusa ka ji dalili. Kada ka bar tanki ya sauka ƙasa da rabi. La'asar kuma ta same ka a inda za ka kwana.

Ya ce haka fatake suke yi tun zamanin kakanni. Da gaskiyarsa. Ayarin da ke zuwa Gwanja sayen goro, da jakunansu da takarkarai, da yawansu ta Jega suke bi, su haye Kwara, su ratsa ƙasar Bargu har Salaga. Madugu ne shugaba, jagaba yana gaba yana duba hanya. Ba su auna tafiya da nisa, da zango suke auna ta. A kowane babban gari kuma suna da fatoma, mai masaukin da ya san su, wanda zai sauke su ya adana kayansu. Madugu ba ya tashi daga zango sai ya san zangon gaba.

Wannan magana ta ƙarshe ita ta raba mu. Muka tambayi kanmu: a wace hanya muke da masu masauki? A hanyar kudu muna da wani fasto a Kwantagora wanda ya yi makaranta tare da maigida, muna kuma da 'yan'uwa a Suleja. Direbobin tashar Shagari kuma suka ce a makon nan hanyar kudu ta fi kwanciyar hankali. Da dare, a sujadar iyali, muka karanta Fitowa sura 13, inda Allah ya ƙi bi da Isra'ilawa ta ƙasar Filistiyawa ko da yake ta fi kusa, ya zagaya da su ta jeji domin ya san ƙarfin zuciyarsu. Maigida ya ajiye fensir. Ya ce, "To, hanyar lafiya a bi ta da shekara."

Ambulan Biyar

Ubangiji ya koya mana a Luka sura 14 cewa mai gini yakan zauna tukuna ya lissafta abin da zai kashe. Uwargida ta kawo ambulan huɗu ta rubuta a kansu: mai, abinci, masauki, ko-ta-kwana. Na masauki bai yi kauri ba, gama a gidajen 'yan'uwa za mu kwana, 'yar tsaraba kaɗai za mu riƙa. Ta soya dambun nama, ta yi hoce, ta daka yaji, ta cika jarka biyu da ruwan sha. Maganin Kaka ta sa shi a jakarta ta hannu, ba a bayan mota ba.

Akwai ambulan na biyar, ƙarami. Autanmu ya ci jarrabawa da kyau, maigida kuwa ya yi masa alkawari a gaban kowa cewa daren farko na tafiya zai saya masa balangu, ya ci har ya ce ya ƙoshi. Yaron da kansa ya rubuta "NAMA" a bayan ambulan ɗin da manyan baƙaƙe. Ku riƙe wannan ambulan a zuciya, za mu komo kansa.

Rana Ta Fari

Ranar Laraba, 13 ga wata, da gari ya waye muka yi addu'a a tsakar gida muka tashi. Hazon hunturu ya rufe ko'ina. Muka wuce Shagari, garin marigayi Alhaji Shehu Shagari wanda ya shugabanci ƙasar nan daga 1979 zuwa 1983, a nan kuma aka binne shi a Disamba 2018. Muka wuce Kajiji da Dogon Daji da Tambuwal, muka shiga Jihar Kebbi, wadda ƙasa ɗaya muke da ita kafin a raba a 1991. A Aliero, garin albasa, muka sayi rabin buhu domin surukai. A Jega muka cika tanki.

Bayan Jega ramuka suka yi yawa. Dokar hanya ta ce ƙaramar mota ta gida kada ta wuce kilomita 80 a awa a kan irin wannan titi, amma ramuka ba su bar mu mun kai ko 50 ba. Gab da Koko sai muka ji ƙara, tayar baya ta fashe. Maigida ya fito da safaya, ashe ba iska. Ya duba mai, ya duba ruwa, ya duba birki kafin mu taso, safaya kaɗai ya manta. Ya hau babur da taya biyu zuwa wurin mai faci, mu kuwa muka zauna a gindin wata bedi. Tayar da ta fashe ba ta gyaruwa, sai da aka sayi wata tsohuwa. Ambulan ɗin ko-ta-kwana ya tafi kusan duka, awa uku kuma suka tafi tare da shi.

Muka iso Yelwa ta Yawuri wajen ƙarfe 5 na yamma. Kwantagora tana gaba da kamar kilomita 100. A Disamba kuwa rana ba ta daɗewa bayan ƙarfe 6.

Maigida bai ko rage gudu ba. Ya ce, "Fasto yana jiranmu, matarsa ta yi girki. Ba mu da kuɗin otal. Mun yi addu'a da safe, ko ba mu yi ba? Allah da ya kawo mu nan zai kai mu."

Uwargida ta ce, "Baban yara, Alhaji ya ce la'asar."

Ya ce, "Alhaji ne zai tsare mu, ko Ubangiji?"

Ba ta sami amsa ba. Wane mai bi ne zai so a ce ya fi dogara ga mutum? Sai Kaka, wadda muke tsammani barci take yi, ta yi magana daga baya. Kaka ba ta iya karatu ba, amma shekara 50 tana zama a layin gaba a majami'a. Ta ce, "Kai, ɗan nan. Wanda ya kai Yesu kan Haikali ya ce ya diro, ai shi ma da ayar Littafi ya zo. Me Yesu ya yi? Dirowa ya yi? Ka juya motar nan."

Maigida ya tsaya a bakin titi. Ya daɗe riƙe da sitiyari. Sa'an nan ya ce, "To, Inna," ya juya.

Daga baya muka yi ta tunani a kan wannan. Ezra da Nehemiya dukansu sun taso daga ƙasar bauta zuwa Urushalima. Ezra ya ji kunyar roƙon sarki sojoji, sai ya sa aka yi azumi a bakin kogin Ahawa, suka tafi haka, Allah kuwa ya kiyaye su. Ku duba Ezra sura 8. Nehemiya kuwa ya karɓi wasiƙu daga sarki, ya tafi da shugabannin yaƙi da mahayan dawakai, kamar yadda sura ta 2 ta littafinsa ta nuna. Littafi Mai Tsarki bai ce ɗaya ya fi ɗaya bangaskiya ba. Amma ku lura, Ezra ma ya yi zango kwana uku yana duba jama'arsa kafin ya tashi. Maigida ya yarda a rubuta wannan: abin da ya kira bangaskiya a yammacin nan, rabinsa kunyar fasto ce, rabinsa kuwa ƙyashin kuɗin ɗaki.

Neman Masauki

Ba mu san kowa a Yelwa ba. Wani ɗan acaba ya kai mu wani gidan saukar baƙi mai araha. Uwargida ta ce a bar ta ta shiga ta gani tukuna. Ta tarar da kwalaben giya a tsakar gida, kiɗa yana tashi, 'yan mata suna zaune a ƙofofin ɗakuna. Ƙofar ɗakin da aka nuna mata ba sakata. Ta fito ta dubi 'yarmu, ta dubi maigida, ba ta ce kome ba. Araha ba ta ado.

Na biyu yana da katanga da maigadi, da wurin ajiye mota a ciki. Akwai ruwa a randa, akwai gidan sauro, abin da ba a wasa da shi a garin bakin Kwara. Zanen gado wankakke ne, ƙofa tana da sakata ta ciki. Ɗakin yana ƙasa, Kaka ba za ta hau bene ba. Waɗannan su ne abubuwan da muke ba ku shawara ku duba, ku kuma duba da idonku kafin ku ba da kuɗi. Wanda ya fi kowa rauni a cikin motarku, shi ne ma'aunin masauki.

Amma kuɗin ɗaki biyu ya fi abin da ke cikin ambulan ɗin masauki. Na mai ba ya taɓuwa, in an taɓa shi ba za mu kai Jos ba. Na abinci na kwana uku ne. Saura ɗaya. Maigida ya juya ya dubi auta, auta ya dubi ambulan ɗin da ya rubuta da hannunsa. Ya ce, "Baba, ai ka yi alkawari."

'Yan'uwa iyaye, a nan ne mutum yakan so ya daka wa yaro tsawa domin ya rufe kunyarsa. Maigida ya buɗe baki zai yi haka, sai ya fasa. Ya durƙusa a gaban yaron a tsakar gidan otal, ya ce, "Na yi alkawari, ba zan iya cika shi yau ba. Laifina ne, ni ne ban duba safaya ba. Ina roƙonka ka ranta mini kuɗin nan domin Kaka da yayarka su kwana a wuri mai kyau. Bashi ne, zan biya." Yaron ya miƙa ambulan ɗin yana share hawaye. Uwargida ta ce, a shekarunsu na aure duka, ranar ce ta fara ganin maigida ya ba ɗansa haƙuri.

Muka buga wa fasto waya muka faɗa masa. Ya ce mun yi daidai, shi ma hankalinsa ya kwanta. Muka ci hoce da dambun nama. Da aka jima muka nemi auta ba mu gan shi ba. Ashe yana bakin ƙofa, ya tsaya nesa kaɗan da tukubar wani mai tsire, yana kallon wuta. Kafin mu kira shi, mai tsiren ya riga ya tambaye shi daga ina, ya kuma ji labarin taya duka. Ya naɗe tsinke biyu a takarda, ya yanka balangu wajen mai taushi ya ce na tsohuwa ne. Maigida ya fito da 'yan canji, mutumin ya ƙi karɓa. Ya ce, "Haba Malam, baƙo ai na kowa ne. Allah ya sa a yi biki lafiya." Ya ji sunan yaron, ya san mu Kirista ne. Bai hana shi ba.

Da safe muka shiga tasha muka tambaya. Ba wanda ya ce an tare hanyar Kwantagora a daren nan. Watakila da mun wuce, da mun isa lafiya. Mun faɗi wannan domin kada ku ce sai an ji mugun labari ne tsayawa take zama daidai. Daidai ce tun a lokacin da muka tsaya, bisa ga abin da muka sani.

Sauran Tafiya

A Kwantagora matar fasto ta ɗumama mana kazar da ta yanka jiya, muka karya kumallo, aka yi mana addu'a. Da muka zo Tegina motar ta yi tsit, sai Kaka ta ce mu yi addu'a domin iyayen da aka taɓa ɗauke wa yara a garin, muka yi muna tafiya. Muka haye kogin Kaduna a Zungeru, inda Turawa suka yi hedkwatar Arewa kafin su koma Kaduna, inda kuma aka haifi Nnamdi Azikiwe a 1904. Muka wuce Minna, la'asar ta same mu a Suleja. Auta ya ga Dutsen Zuma, ya fito da takardar naira 100 yana gwadawa. Rana ta uku muka ratsa Abuja da Keffi da Akwanga, muka hau Hawan Kibo da ƙaramar giya, muna ba manyan motoci wuri. Jos tana bisa tudu wajen mita 1,200, sanyinta kuwa ya sa Kaka ta lulluɓa da bargo biyu. Muka isa ranar Jumma'a da rana. Ranar Asabar aka ɗaura aure, Kaka tana layin gaba.

Biyan Bashi

Da za mu komo, uwargida ce da kanta ta ce mu bi ta Zariya, in labari ya yi kyau. Ta ce ta gane ba hanyar ce take tsoro ba, tafiyar ganganci take tsoro. Muka sauka a Wusasa wurin 'yan'uwa, garin da mishan ta CMS ta zauna, inda tsohuwar majami'ar St. Bartholomew ta 1929 take tsaye har yanzu. Muka tuna da Likita Miller, wanda ya yi aiki a Zariya, yana kuma cikin waɗanda suka juya Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, aka buga shi a 1932.

A daren nan maigida ya biya bashi. Ya kama hannun auta suka tafi wurin masu nama, ya koya masa yadda ake zaɓa, mu ma bari mu faɗa muku. Ku je inda mutanen gari suke layi, gama naman da ake saye da sauri ba ya kwana. Ku dubi tebur da wuƙa da hannun mai yanka. Tsire, wato wanda aka tsire a tsinke aka barbaɗe da ƙuli-ƙuli da yaji, ku sa a mai da shi wuta a gabanku har ya yi zafi ciki da waje. Balangu, in an yanka kuka ga jini a tsakiya, bai gasu ba. Kilishi ne abokin tafiya, gama an shanya shi, an tsoma a labu, an sake shanyawa, an kuma gasa, ba ya saurin lalacewa. Amma gishirinsa da yawa, mai hawan jini ya ɗanɗana kawai. Mai tuƙi kuma kada ya cika ciki da nama da rana tsaka, barci ne zai biyo baya. Nama na dare ne, bayan an kashe mota.

Wani ɗan'uwa ya taɓa tambayarmu ko ya kamata mai bi ya ci yankan Musulmi. Mu da ke zaune a ƙasar Sakkwato, inda rundawa suke da fawa tun kaka da kakanni, ba mu san wani nama ba. Manzo Bulus ya warware wannan a 1 Korantiyawa sura 10: naman kasuwa a saya a ci da godiya, a kuma kula da lamirin maƙwabci. Saboda lamirin maƙwabci ne ma, in za mu yanka rago ko akuya ran Kirsimati, mukan kira Musulmi ya yanka, domin in mun aika da abinci gidan Alhaji su ci da zuciya ɗaya.

Auta ya ci har ya ce ya ƙoshi. Ya rage kaɗan ya naɗe, ya ce na Alhaji ne.

Kashegari muka tambaya a tashar Funtuwa, muka jira motoci suka taru, muka bi layinsu. Muka wuce Tsafe, muka ga dutsen Kwatarkwashi, muka wuce Gusau da Talatar Mafara da Amanawa, inda mishan ta SIM ta yi jiyyar kutare shekaru da yawa. La'asar ta same mu a Boɗinga, rana ba ta faɗi ba muka shiga gida.

Kwana kaɗan bayan haka, a jajiberen Kirsimati na 2023, aka kai hari ƙauyukan Bokkos da Barikin Ladi a Jihar Filato, aka kashe mutane fiye da 100. Ba a hanya suke ba, a gidajensu suke. Muka yi kuka tare da surukanmu ta waya. Wannan ya hana mu yin fahariya da dabararmu. Mun yi abin da ke hannunmu, ya kuwa kamata mu yi. Amma ba mu fi waɗannan 'yan'uwa hankali ko adalci ba. Ranmu, a hanya ko a ɗaki, a hannun Ubangiji yake.

Ɗaki Ɗaya

Abu ɗaya ya tsaya mana a rai. A tafiyar nan gida uku suka buɗe mana ƙofa, mai tsire kuma ya ciyar da ɗanmu. Muka tambayi juna: mu fa, wa muka taɓa saukarwa? Tun 1973 da aka kafa bautar ƙasa ake turo matasa daga kudu zuwa garuruwa irin namu. Da yawansu masu bi ne, ba su jin Hausa, ba su san kowa ba. Mun sha ganinsu da jakunkuna a bakin titi, mukan ce Allah sarki, mu wuce.

A 2 Sarakuna sura 4 akwai wata mace a Shunem wadda ta shawarci mijinta suka yi wa Elisha ɗan ɗaki, suka sa gado, da tebur, da kujera, da fitila. Ɗakin babban ɗanmu ya zama fanko tun da ya yi aure. Muka fitar da buhunan da muka fara tarawa a ciki, muka share, muka sa waɗannan abubuwa huɗu, muka ƙara gidan sauro da sakata. Auta ya rubuta "MASAUKI" a takarda ya manna a ƙofar.

'Yan'uwa, lokacin tafiye-tafiye yana zuwa kowace shekara, na biki, na taron ikkilisiya, na gaisuwar mutuwa. In za ku tashi, ku zauna da iyali ku yi shawara, har da tsofaffi da yara. Ku tambayi waɗanda suka san hanya, ko da ba addininku ɗaya ba. Ku duba safaya. Ku san zangon gaba kafin ku bar na baya. In kun yi wa yaro alkawari, ku cika, in kuwa ya gagara, ku ba shi haƙuri ku biya daga baya. Ku da ke zaune a gida kuma, ku karanta Ibraniyawa sura 13 a sujadar iyali, ku duba ko akwai ɗakin da buhuna kaɗai ke kwana a ciki.

Ubangiji ya kiyaye fitarku da shigarku. Wanda dare ya yi masa a wajen Shagari, ya tambayi gidan da ake yanka ragon Kirsimati a Horo Birni, za a nuna masa. Amin.